Dutsen Keana da rediyon kakanmu: ɗan tarihin katod



Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake da jarrabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito. Tun ranar da na gabatar da semina wasu ke tsokana ta, wai me ya haɗa aikin mastas a 2020 da wani abu da bawul ɗin rediyo, kayan da aka daina yayinsu tun ba a haife mu ba. Wani ma ya sa mini suna Baba Mai Rediyo. To bari in ba da amsa sau ɗaya, kowa ya huta.

Aikina a kan barayit ne, farin dutsen nan mai nauyi da ake tonowa a wajenmu Keana da Aloshi, da Azara da Akiri da Wuse ta ɓangaren Awe. Duk wanda ya taso a yankin ya san shi. Ka ɗauki ɗan guntu kamar dunƙulen hannu, sai ka ji ya rinjaye ka, don nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau huɗu da rabi. Sunansa ma daga kalmar Girkanci da ke nufin "mai nauyi" ya samo asali. Abin da nake ƙoƙarin yi shi ne in fitar da garin bariyam kabonet mai tsabta daga cikinsa. Da na shiga karatun me ake yi da wannan gari, sai na faɗa cikin tarihin katod, kuma tarihin ya koya mini abin da na gaza koya a aji.

MENE NE KATOD?

Kafin zuwan tiransista, galibin rediyo da talabijin da layin waya mai nisa da kwamfuta da bawul suke aiki. Bawul kwalbar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta, aka sa 'yan ƙarafa. Ɗaya ana dumama shi har ya riƙa fitar da elektron, shi ne katod. Ɗaya yana karɓa, shi ne anod. A tsakaninsu akwai 'yar raga da ke rage ko ƙara yawan masu wucewa, ta haka ƙaramar sigina take zama babba. Katod shi ke cin wuta, shi ke cin batir, kuma galibi shi ke fara mutuwa. Saboda haka tambayar da ta hana masana barci fiye da shekara hamsin ita ce: yaya za a sa ƙarfe ya saki elektron da yawa ba tare da an gasa shi har ya ƙone ba?

Ku ɗauka elektron ɗalibai ne a cikin makaranta mai katanga. Zafi shi ke ba su ƙarfin tsalle. Ko dai ka ƙara zafin, ko ka rage tsawon katangar. Duk ƙirƙirar da zan lissafa a ƙasa dabarun rage katanga ne.

INDA AKA FARO

A farkon shekarun 1880 Thomas Edison yana fama da ƙwan fitilarsa da ke yin baƙi ta ciki. Ya sa wani ɗan ƙarfe a cikin ƙwan don ya gano dalili, sai ya ga wuta tana tsallakawa daga zaren da ke ci zuwa ƙarfen, babu waya a tsakani. Ya yi rajistar abin a 1884, ya wuce harkarsa, don bai san me ke tsallakawar ba. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano elektron a Kambirij ta Ingila. A 1901 Owen Richardson ya fitar da lissafin yadda yawan elektron ke hauhawa da zafi, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1928. A 1904 John Ambrose Fleming ya ƙera bawul mai ƙarfe biyu don kama siginar rediyo, sannan Lee de Forest a Amurka ya ƙara ragar nan wajen 1906.

Amma mutumin da ya fi shafar dutsenmu wani Bajamushe ne, Arthur Wehnelt, a jami'ar Erlangen. A 1903 yana gwaji da wayar filatinam mai zafi, sai ya lura wasu 'yan wurare a jikin wayar suna fitar da elektron tun zafin bai kai ko'ina ba. Da ni ne, wallahi goge wayar zan yi in ce datti ne. Shi ma ya san datti ne, sai dai ya tsaya ya tambayi wane irin datti. Ya bi sinadarai yana shafawa yana aunawa, har ya gano oksayid na kalsiyam da sitironshiyam da bariyam su ne masu wannan aiki. Ya wallafa a 1904. Katangar da take kusan 4.5 a ma'aunin elektron-bolt a jikin tangistan, a jikin shafin bariyam tana saukowa ƙasa da 2. A lissafin Richardson wannan ragi ba ƙarami ba ne, don bambancin yana ninkuwa ne dubbai.

Sai dai shafin Wehnelt yana da tsirfa. In akwai ragowar iska a kwalbar, nan da nan yake lalacewa, kuma famfunan zuƙe iska na lokacin ba su kai ba. Shi ya sa hanya ta rabu biyu.

HANYAR TANGISTAN

A kamfanin General Electric, William Coolidge ya sha wuya kafin ya iya jan tangistan ya zama siririyar waya wajen 1910. Ƙarfe ne mai taurin kai, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salshiyas, amma da can in ka lanƙwasa shi karyewa yake kamar ƙwarya. Da wannan waya ya ƙera kwalbar hoton ƙashi a 1913, kuma har gobe injin hoton ƙashi na asibiti da zaren tangistan yake aiki. Matsalarsa sai an kai shi sama da digiri 2,200 kafin ya ba da elektron isassu. Rediyoyin farko har haske suke kamar fitila, batir kuwa ba ya kwana biyu.

A wannan kamfani dai, Irving Langmuir ya ci karo da nasa dattin. Ana zuba ɗan toriyam oksayid a wayar tangistan don kada ta yi saurin tsinkewa a ƙwan fitila, ba don elektron ba. A 1913 aka lura wayoyin da ke da shi suna fitar da elektron fiye da kima. Langmuir ya bi diddigi shekara da shekaru, ya nuna cewa toriyam ɗin yana fitowa ne daga cikin wayar ya shimfiɗu a samanta, kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, kuma wannan shimfiɗar ce ke rage katangar zuwa kusan 2.6. Zafin aiki ya sauko zuwa wajen 1,700. Ga abin da hakan ya jawo a kasuwa: bawul ɗin RCA mai lamba UV-201 yana jan amfiya ɗaya, wanda ya gaje shi a 1923, UV-201A, yana jan rubu'in amfiya. Duk wanda ya taɓa zama a hostal babu wuta yana lallaɓa cajin waya ya san darajar ragin kashi uku cikin huɗu.

HANYAR BARIYAM

A ɗaya gefen, kamfanin wayar tarho na AT&T yana son haɗa gabas da yammacin Amurka, kuma murya tana dushewa a doguwar waya. Harold Arnold ya ɗauki bawul ɗin de Forest, ya zuƙe iskar sosai da sabon famfon Gaede na Jamus, ya koma ga shafin Wehnelt. A Janairun 1915 aka buɗe layin Niyok zuwa San Faransisko. Kamfanin waya ba ya son abin da za a riƙa canzawa kowane wata, shi ya sa ya zaɓi katod mai aiki a wajen digiri 800, wanda ja kawai yake yi kamar garwashi.

Sauran matsala ita ce wutar gida. In ka dumama zaren katod kai tsaye da wutar da ke juyawa gaba da baya, rediyo sai ta riƙa gurnani. Maganin da ya shiga kasuwa sosai a 1927, da bawul irin su UY-227, shi ne a raba aikin biyu: ɗan bututun nikel da aka shafe bayansa shi ne katod, a cikinsa kuma a zura zaren tangistan don dumamawa kawai. Bututun yana riƙe zafi, gurnani ya tafi. Wannan ne dalilin da ya sa in aka kunna tsohuwar rediyo ko talabijin sai an jira. Lokacin da manya ke cewa "ku bari ta yi zafi", gaskiya suka faɗa, katod ake jira.

Yanzu ga inda aikina ya shigo. Ba a shafa bariyam oksayid kai tsaye, don yana shan danshin iska ya lalace tun a masana'anta. Kabonet ake haɗawa, na bariyam da na sitironshiyam, wani lokaci da na kalsiyam, a dama da wani ruwan ɗanko, a fesa a jikin nikel ɗin. Bayan an haɗa bawul, ana cikin zuƙe iska sai a dumama katod, ɗankon ya ƙone, kabonet ya saki iskar kabon, famfo ya janye ta, oksayid ya rage. Ko a nan bai fara aiki ba sai an "tashe shi". A cikin nikel ɗin da gangan ake barin ɗan magnisiyam ko silikon, su ne ke fizge oksijin su 'yantar da ɗan bariyam, shi kuma ya rage katangar. Hatta tabon nan mai sheƙi kamar madubi da kuke gani a saman bawul, shi ma bariyam ne aka watsa don ya shanye ragowar iska. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu.

Ku lura da abin mamaki. Nikel mai tsabta ƙwarai ba ya saurin tashi, sai da ɗan gauraye. Amma in silikon ya yi yawa, yana gina wani ɓawo tsakanin nikel da shafin, wanda ke tare wuta. A rediyo ba a cika damuwa ba. Da aka zo zamanin kwamfuta, irin ENIAC mai bawul kusan 18,000, da Whirlwind ta jami'ar MIT, inda bawul kan daɗe a kunne ba ya wuce da komai, sai aka ga suna suma. Injiniyoyi suka sa wa cutar suna ciwon barci, aka koma yin nikel na musamman. A 1956 aka shimfiɗa wayar tarho ta farko a ƙarƙashin Tekun Atlantika, TAT-1, daga Sikotilan zuwa Kanada, da bawul a cikin na'urorin ƙara murya a ƙasan teku, inda ba mai gyara da zai je. Ta yi aiki har 1978 ba tare da bawul ko ɗaya ya mutu ba. Shafin nan ne dai na Wehnelt, abin da ya canza shi ne kulawa da tsabta da yawan gwaji.

Ƙirƙira ba ta tsaya ba ko bayan an samu tiransista a Disambar 1947. A 1950 masanan Philips a Holan suka fito da katod mai rumbu: a ajiye bariyam a bayan tangistan mai ƙananan ƙofofi kamar soso, ya riƙa tsatsowa a hankali yana maye wanda ya ƙare. Daga baya aka riƙa jiƙa soson da kansa da sinadarin, a 1966 kuma aka ƙara masa shafin osmiyam. A 1951 James Lafferty ya nuna amfanin lantanam hekzaborayid, wanda wasu manyan madubin elektron ke aiki da shi har yau. Yawancin taurarin ɗan'adam da ke turo mana ƙwallo ta faranti da bawul suke ƙara ƙarfin sigina, kuma katod mai rumbun bariyam ne a ciki. Injin ɗumama abinci na maikirowef ma bawul ne a cikinsa, da zaren tangistan mai toriyam. Doguwar farar fitilar nan ta ajin lakca, da bakinta ke yin baƙi tana ƙifta ido, shafin bariyam ɗin zarenta ne ya ƙare. To ina maganar an daina yayi?

YADDA ABIN YA ISO MU

Sashen Hausa na BBC ya fara a Maris 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, talabijin ɗin Binuwai-Filato a Jos a 1974, lokacin Lafia da Keana suna cikin wannan jiha. Manyan injinan watsa shirye-shirye na zamanin da bawul suke aiki, haka akwatunan rediyon farko da attajirai da ma'aikata suka saya. Talabijin mai ƙusumbi kuwa, wadda yawancinmu muka taso da ita, allonta ƙaton bawul ne, mai kala tana da katod uku, na ja da kore da shuɗi.

Ina sakandare nakan yi hutu a shagon wani kawuna mai gyaran talabijin a Lafia. In aka kawo wadda hotonta ya dushe, ko fuskar kowa ta koma shanshanbale, sai ya ce, "Ɗana, bindiga ɗaya ta gaji." Ya ƙara wa zaren dumamawa wuta kaɗan, hoto ya dawo tangaran. Amma yakan faɗa wa mai ita, "Alhaji, ka fara tara kuɗin wata, wannan rance muka ci." Sai yanzu na gane abin da yake yi: yana tilasta wa ragowar bariyam ya fito, yana kuma gaggauta ƙarewarsa. Kawu bai taɓa jin sunan Wehnelt ba, amma ya san halin katod fiye da yadda na sani ranar da na gama digirin farko.

KOMAWA KEANA

Daga barayit zuwa kabonet hanyar tsohuwa ce. Wajen 1603 wani mai ɗinkin takalma a Bolonya ta Italiya, Vincenzo Casciarolo, yana neman zinariya, ya gasa irin wannan dutse da gawayi, ya samu abin da ke haske cikin duhu bayan ya sha rana. Bariyam salfayid ya yi bai sani ba. Humphry Davy ya ware ƙarfen bariyam a 1808. Har yau masana'antu haka suke yi: a niƙa barayit, a gasa da gawayi sama da digiri 1,000, a samu baƙar toka, a jiƙa, a tace, a zuba soda ko a busa iskar kabon, farin gari ya kwanta.

Ranar da na bayyana wa goggona wannan, dariya ta yi. Ta ce, "Au, dama abin da ka tafi jami'a koyo ke nan? Ai gishiri ne." Kuma ba ta yi ƙarya ba. Matan Alago a Keana sun gaji kankare ƙasa mai gishiri, su zuba a tukwane masu huda, su kwarara ruwan tafki, su tari abin da ya tsatso, su dafa har ya bushe. Jiƙawa, tacewa, ƙafewa. A kan wannan sana'a garin ya kafu, da ita aka san masarautar Osana, don ita ake bikin Oyarore. Ruwan gishirin da jijiyoyin barayit duk arzikin kwarin Binuwai ne.

Bambancin shi ne gishiri muna gama shi a gida, barayit kuwa ɗanye yake fita a bayan tirela. Akasarinsa niƙawa ake yi a zuba a laka ta haƙar man fetur, don nauyinsa ya danne rijiya. Ko a Oktoban 2021 da gwamnatin tarayya ta yi bikin ƙaddamar da barayit ɗin gida a Fatakwal, maganar kamfanonin mai ce. Hakan ba laifi ba ne, ci gaba ne. Amma kabonet ɗin da ake sawa a gilashi da tangaran da bulo da maganaɗisun lasifika mataki ɗaya ne kawai gaba, kuma a wannan matakin kuɗin yake.

Ga nawa abin kunyar. Watan jiya tataccen ruwan gwaji ya ƙare, babu wutar da za a tace wani, ni kuma ina sauri in kai wa Malam sakamako. Na ce ruwa ai ruwa ne, na ɗebo na burtsatse na jiƙa tokata. Gari ya fito fari fat, har na ɗauki hoto. Da na zuba masa asid ya tafasa, amma ya bar laka a ƙasan kwalba da ta ƙi narkewa. Salfet ɗin da ke cikin ruwan ya kama wani ɓangare na bariyam ya mayar da shi barayit, ga kalsiyam da ya shiga cikin sauran. Wato na gasa dutse, na sha hayaƙi, na mayar da shi dutse. Sati uku suka tafi, da kuɗin gawayi da na mota. Malam ya duba ya ce, "Kada ka zubar. Ka auna abin da ke cikin ruwan, ka rubuta." Abin da Wehnelt ya yi ke nan da dattinsa, kuma yanzu shi ne zai zama sashe guda a babi na huɗu.

Gargaɗi ga ƙannenmu da za su so gwadawa: barayit ba ya narkewa, har tataccensa ake ba mara lafiya ya sha kafin hoton ciki. Amma bariyam kabonet guba ne, da shi ake maganin ɓera, ruwan tokar kuma yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke iya kisa. Ba aikin ɗakin hostal ba ne.

Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan. Ku shiga laburaren sashenku ku duba furojet nawa ne a kan ma'adanan jiharmu suka tsaya a "an ɗebo samfur, an auna, an samu kaso kaza, ana ba gwamnati shawara". Ni ma da haka na tsara nawa. Jihar da ake wa kirari da gidan ma'adanai tun kafa ta a 1996, ga toriyam kwance a cikin yashin kuzar Jos maƙwabciyarmu, amma mun fi ƙwarewa a faɗin abin da ke cikin dutse a kan mayar da shi wani abu. Ba cewa nake mu buɗe masana'antar bawul a Keana ba. Cewa nake tsakanin abin da Wehnelt ya gani a 1903 da wayar da ta shekara 22 a ƙasan teku, akwai ɗaruruwan mutane da aikinsu kawai shi ne girman ƙwayar gari, kaurin feshi, da yawan silikon a nikel. Irin wannan aiki ɗalibin mastas zai iya, in an samu wuta da tataccen ruwa, in kuma mai bi masa ya ɗora daga inda ya tsaya maimakon ya sake ɗebo samfur daga farko.

Asabar in Allah ya kai mu zan bi ta Obi in je Keana ɗebo sabon dutse. Ɗan jiyoloji ko ɗan fizik da ke son mu haɗa aiki, ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje bayan la'asar. Wanda kuma yake da tsohuwar rediyo mai bawul a ɗakin kakansa, don Allah kada a sayar wa 'yan gwangwan, ina so.

Allah ya ba masu difens sa'a, ya sa mu gama lafiya.